Laka a Takalman Kaka

Zuwa ga mahaifiyata abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa tare da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba da su Yaya. Yaya ciwon ƙugun nan? Ni da Kaka muna nan lafiya.

Umma, ina farin cikin sanar da ke cewa ofishinmu na tsara birni ya damƙa mini aikina na farko, wato zamanantar da zirga-zirgar dattawa. Kin san babban titin da ke gaban gidan Kaka, wanda take tsallakawa kullum da safe ta je wajen aminiyarta, tsohuwar ungozoma. Tun da ɓarin jikin matar ya shanye, Kaka ce ke kai mata shayi, ta juya ta, ta taje mata kai. To, bisa nazarin da na gudanar a kimiyyance, haɗa tsoho da mota a farfajiya guda kuskure ne na asali. Saboda haka na tsara a kafa shingen ƙarfe a tsakiyar titin daga farkonsa har ƙarshensa, a kuma gina gadar sama mai matakala da rumfa da shuɗin fenti.

Na shimfiɗa wa Kaka taswirar a kan tabarma. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in da ita tsuntsuwa ce ai da tuni ta tashi ta bar ni da surutuna. Ta ce mijin da zai kai ta sama ya manta gwiwoyinta a ƙasa, ta fasa aurensa, in je in nemi 'yar boko. Na fahimtar da ita cewa turjiya ga sauyi ɗabi'a ce sananniya a ilmin zamantakewa. Ta ce in miƙo mata man zafi.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ɗanki mai biyayya,
Auta, Masanin Tsara Birane

Zuwa ga Umma,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da jin ƙugun ya yi sauƙi. Allah ya ƙara lafiya.

Aiki ya kammala, kuma nasarar ta zarce hasashe. Tun da aka kafa shingen ba a sake ganin tsoho ko ɗaya a kan titin ba, balle a buge shi. Shugaban sashenmu ya kira ni hasken ofis a gaban jama'a. Gaskiya ne ban ga dattawa a kan gadar ba tukuna, sai 'yan makaranta da wata akuya. Na fassara wannan da cewa sun rage fitar da ba ta zama dole ba, wanda shi ma ci gaba ne.

Sai dai akwai wasu 'yan al'amura da suka gagari fahimtata. Kaka ba ta daina fita ba. Tana dawowa da baƙar laka a takalmanta, mai wani irin wari, gefen zaninta a jiƙe, alhali sama ba ta zubo ko ɗigo ba. Na tambaye ta, ta ce ni ba alƙali ba ne, kuma ta rabu da kishi irin nawa. Igiyar shanyarmu ta ɓace. Maƙwabcinmu tsohon direba, wanda da ƙyar yake ɗaga ƙafa, na gan shi da rana tsaka riƙe da tocila. Na gaishe shi, ya ɓoye ta a bayansa kamar yaro. Yanzu in na doso inda dattawan unguwa ke zaune sai hira ta mutu, a bi ni da ido har in wuce.

Kaka tana ɗan tari, amma ba abin tayar da hankali ba ne.

Ɗanki,
Auta

Umma,

Ina gaisuwa. Ki gafarce ni in gaisuwar ta gajarta.

Jiya aka tura ni duba magudanan ruwa saboda ƙaratowar damina. Akwai babban kwalbatin da ya ratsa ƙarƙashin titin, daga bayan layinmu ya ɓulla kusa da gidan ungozoma. Na sunkuya na shiga. Umma, an jera bulo a cikin lakar, kusa da kusa, daidai takun wanda ba ya iya buɗe ƙafa. Igiyar shanyarmu na ɗaure a jikin bango don dafawa. A tsakiya, inda duhu ya fi yawa, har wani benci aka ajiye na hutawa. Na haska bango sai na ga shatin da ruwan bara ya bari. Ya wuce kaina, kuma kin san na fi Kaka tsawo nesa ba kusa ba.

Ina tsaye na ji ƙarar sanduna. Tsohon direba ne a gaba da tocilarsa, wasu na biye da shi a layi, Kaka ce ta ƙarshe, rungume da fulas ɗin shayi. Ba wanda ya yi mamakin ganina. Direban ya ce injiniya ya ɗan matsa, yana tare hanya.

Na garzaya wajen shugaba. Ya ce dubawa kawai aka sa ni, gyaran magudana ba ya cikin hurumin sashenmu, kuma kada in kuskura in ɗaga maganar kafin bikin buɗe gadar, domin manyan baƙi na tafe. Na koma gida na yi wa Kaka bayanin yadda ruwa ke cika irin wannan rami cikin ƙiftawar ido, ko da a wani gari aka yi shi. Ta saurara har na gama. Ta ce matar can ba ta iya juya kanta, in ba a juya ta ba bayanta zai yi gyambo. Ta ce in ina da wata hanya in nuna mata, in ba ni da ita in rufe mata baki.

Yau da safe na goya ta, na hau gadar da ita. Nauyinta bai kai na jakar littattafaina ba. Tana ta tsokanata wai ango ya cika haki. Da muka kai sama na leƙa ƙasa, na ga sauran suna shiga ramin ɗaya bayan ɗaya. Baya ɗaya gare ni, Umma.

Gobe da safe ne bikin, kuma ni zan gabatar da jawabi a kan nasarar shirin. Na roƙi Kaka ta jira ni zuwa azahar. Ta ce gyambo ba ya jiran jawabi. Tun ɗazu hadari ke haɗuwa a gabas, iska ta tsaya cak, kaji sun shige akurki da kansu. Don Allah ki taho, ko ki kira ta, wataƙila ta ji maganarki.

Na ɗauke sandarta na ɓoye a ƙarƙashin gadona. Ba ta tambaye ni ba. Yanzu da nake rubuta miki ina jin ta a tsakar gida, ta ɗauko muciya daga kicin, tana dogara ta a kan siminti tana gwada ko za ta ɗauki nauyinta.

Ki sa mu a addu'a.

Ɗanki,
Auta