Sau Uku a Ƙofar Yaya Amram

Talata, 3 ga watan Elul

Ƙawata Mas'uda ce ta ja ni karatun manya da limaminmu Rabbi Yahya ya buɗe a ɗakin bayan majami'a. Mu tara ne, ƙaramin cikinmu ya ba sittin baya. Abin da ya rage mana mu Yahudawa ke nan a wannan unguwa ta Kasabalanka, tsofaffi da tabarau. Gaskiya shayi da fanka suka kai ni.

Rabbi ya ce azumin Kippur, ranar neman gafara, tsakaninka da Allah kaɗai yake wankewa. Wanda ke tsakaninka da ɗan'uwanka kuwa, ko shekara ka yi kana azumi, sai shi ya yafe maka da bakinsa. Daga nan na ajiye kofin shayin.

Laraba, 4 ga Elul

Saura kwana talatin da biyar Kippur. Bari in rubuta sau ɗaya, tunda ba mai karantawa.

Shekara goma sha tara ke nan. Mama ta yi kwana biyar tana jinyar ajali, Yaya Amram yana Faransa. Shekara takwas ni kaɗai nake juya ta, in yi mata wanka, in ba ta a baki, shi kuma yana aiko katin gaisuwa, ita tana sumbatar katin. Ta ce in kira shi. Na ce na kira, yana hanya. Ban kira ba. Sai da aka rufe ta na ɗaga waya.

Ya ji a bakin maƙwabta cewa kwana biyar ta yi. Tun ranar bai sake yi mini magana ba. Bara waccan ya dawo gari, ɓarin jikinsa ya shanye, yana gidan tsofaffin jama'armu. Minti goma ne a tasi. Ban taɓa zuwa ba.

Talata, 10 ga Elul

Yau Rabbi ya kawo ƙa'idar. Ka je wurin wanda ka ɓata wa, da mutum uku su tsaya maka. In ya ƙi ka koma. In ya ƙi sau uku, ka fita, laifin ya koma kansa.

Mas'uda ta ɗaga hannu: "To Rabbi, mijina fa? Shekara arba'in ko sau ɗaya bai nemi gafarata ba, ya lallaɓa ya mutu abinsa." Aka yi ta dariya. Ni kuwa na rubuta uku a littafina, na ja layi biyu a ƙasa. Uku abu ne da mutum zai iya.

Ya ƙara da cewa dole a faɗi laifin da sunansa. Wannan ban rubuta ba.

Lahadi, 15 ga Elul

Na ɗaya.

Na tafi da Mas'uda da mata biyu 'yan ajinmu. Na same shi a keken guragu bakin taga, ya rame har kunnuwansa sun yi girma. Idon Mama ne da shi sak, na manta da haka.

Na ce, "Yaya, in na taɓa ɓata maka, ka yafe mini."

Bai dube ni ba. Ya ce wa Mas'uda, "Ke, har yanzu kina nan? Kotu kuka kawo mini ko 'yan kallo?" Ta ce, "Kai ma ai kana nan, mutuwa ce ta ga halinka ta fasa." Ya kusa yin murmushi, da ita. Sannan ya kira ma'aikaciya ya ce a mayar da shi gado.

A tasi Mas'uda ta ce, "Fireha, ko cinikin kifi kike yi kin fi haka sa zuciya." Na ce ta yi mini shiru.

Alhamis, 19 ga Elul

Ban fita ba. Ban dafa komai ba.

Talata, 24 ga Elul

Da ma ban je ba. Darasin yau a kan wanda ya mutu kafin ka nemi gafararsa ne. Sai ka tara maza goma a bakin kabarinsa, ka faɗi abin da ka yi a gabansu. Maza goma! Mu da ranar Asabar ma sai an bi gida-gida ana roƙo kafin a cika goman addu'a, biyu daga ciki kuma ba sa iya hawa matakala.

Mas'uda ta ji a gidan tsofaffin cewa ƙafafunsa sun kumbura, wai zuciya ce. In ya rigaye ni, ko maza goman ba zan samu ba. Tsoro nake ji, tsoro sosai.

Alhamis, 26 ga Elul

Na biyu.

Mu huɗun dai. Na kai masa kek ɗin zuma na sabuwar shekara. Na maimaita maganata, na ƙara da "don girman watan nan". Ya ce, "Su wa suka koya miki wannan karatun? Kin haddace shi tsaf." Ya miƙa wa tsohon da ke gadon kusa da shi kek ɗin, a gabana. Tsohon ya yi ta sa mini albarka da baki cike.

Laraba, 3 ga Tishri

Sabuwar shekara ta shigo. Na ji busar ƙahon rago daga benen mata, wanda ake cewa yana farkar da zuciya. Tawa ba ta motsa ba. Kowa yana ce wa kowa Allah ya rubuta shi a littafin rai. Na amsa da amin, na dawo na ci tuffa da zuma ni kaɗai a tsaye a kicin.

Lahadi, 7 ga Tishri

Na tare Rabbi a tsakar gidan majami'a. Na ce saura ɗaya, in ya ƙi na fita ko? Ya ce haka doka ta ce. Sai ya cire tabarau ya ce, "Uwargida Fireha, me kike ce masa in kin je?" Na ce abin da ake cewa. Ya ce, "To." Na tsani wannan "to" ɗin nasa.

Talata, 9 ga Tishri

Na uku. Da rana, kafin a ɗauki azumi.

Yau ya dube ni. Ya ce, "Na san lissafin, Fireha, ni ma na yi karatu. Wannan ne na ukun ko? To na ƙi. Shaidunki sun ji. Je ki, kin fita, laifi ya dawo kaina. Abin da kika zo nema ke nan, ai kin samu."

Muka fito, mu huɗun.

Na fita, in ji doka. Na yi wanka, na fito da fararen kayana na gobe, na zauna a bakin gado ina kallonsu. Ban taɓa jin ƙazanta a jikina kamar yau ba. Ba abin da ya rage in yi, ba inda ya rage in je.

Alhamis, 11 ga Tishri

Jiya na yini a majami'a. Da yamma aka yi addu'ar rufe ƙofofin sama, aka busa ƙaho, kowa ya ruga gida shan ruwa. An rufe, ban shiga ba.

Yau da safe na ga miyar harira ta yi mini yawa a tukunya. Zubarwa asara ce, shi ya sa kawai. Na zuba a kwano na hau tasi zuwa wurin Yaya, ban gaya wa Mas'uda ba.

Ya ce, "Kippur ya wuce. Ina shaidun?" Na ce babu. Ya ce to me kuma? Ban nemi gafara ba. Na ce, "Yaya, Mama ta neme ka. Kwana biyar tana nemanka. Na ce mata na kira ka, kana hanya, alhali ban kira ba. Haushinka nake ji, na so ta mutu a hannuna ni kaɗai."

Ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Ta yarda ina hanya?"

Na ce ta yarda. Ta hana a rufe ƙofar ɗakin, wai kada ka iso ka tsaya ƙwanƙwasawa. A buɗe take har ta cika.

Ya yi kuka irin wanda ban taɓa gani a wurin namiji ba, rabin fuskarsa kaɗai ke motsi. Ya ce, "Allah ya isa, Fireha." Sau biyu ya faɗa. Na ce na ji. Na jira ya kira ma'aikaciya ta fitar da ni, bai kira ba. Miyar ta huce a kan tebur kafin ya ɗauki cokali. Da na ga cokalin yana faɗuwa daga hannunsa sai na karɓa, kamar yadda nake yi wa Mama. Ya sha cokali bakwai.

Bai yafe ba. Kada in ruɗi kaina, bai ce ya yafe ba, wataƙila ba zai taɓa cewa ba.

Da zan tafi na kama ƙofa zan ja, ya ce, "Bar ta."

Ban san lambar da zan rubuta a kan ta yau ba. Kwanon dai na baro shi can, dole ranar Lahadi in koma in ɗauko.