Ba Zan Cike Su da Hannuna Ba

Daren Talata, Rikkos

Ƙafafuna kamar ba nawa ba. Tun safe nake zagaye kasuwar Taminus da takardun tambayoyin binciken digirina, kan yadda 'yan kasuwa ke karɓar ciniki ta waya. Wani mai atamfa ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, in haraji ne ki fito fili ki faɗa mana." Sauran ma duk suka ɗauke kai. Na dawo da takarduna kusan yadda na fita da su.

A mota Pam ɗan ajinmu ya yi ta yi mini dariya. "Ke dai kina son wahala. Ki nemi biro kala-kala ki cike abinki a ɗaki. Oga malamin da ke kula da aikin ba zai duba ba, kowa haka yake yi."

Na ce, "To me ya kai ni zaman darasin hanyoyin bincike zango guda, in ƙarya zan zuba wa kwamfuta?"

Ya ce zan gane kurena ranar da za a rufe karɓar aiki.

To, in gane ɗin! Na riga na kira Goggo Asabe, ta yarda gobe in zauna a rumfarta ta dankali. Zan bar takardun a gida, in yi hira da maƙwabtanta baki da baki. Hira ma hanyar bincike ce, a aji aka koya mana.

Ko shekara za a ƙara mini, a ƙara. Sunana ne zai hau bangon aikin nan, da sunan Baba a bayansa.