Mabuɗin Zauren Maliki

Zongo, Wagadugu
Ranar Lahadi

Zuwa ga 'yata Adawiyya, a Dakar.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Mannir da ɗan baƙonmu Razak. Mun ji kin yi arba'in lafiya, Allah Ya raya shi bisa imani, Ya ba ki ƙarfin shayarwa. Hotonsa ya zaga gidan nan, kowa ya ce Mannir ya ɗauko, ni kaɗai na ce goshin gidanmu ne, kuma har yau ban janye ba. Mu nan sai godiya. Damina ta zauna, hanyar ƙofar gida ta koma yadda kika san ta, mai moto, wato babur, sai ya sauka ya tura. Ƙafar innarki Zenabu ta yi sauƙi, har ta je suna unguwar Bilbalogho ta dawo da kanta.

Kin san tun da na bar aikin ofis a biro na yi sallama da doguwar takarda, shekara talatin ina buga ta wasu ai ta ishe ni. Amma maganar yau ta fi ƙarfin saƙon murya. Maganar babanki ce, da shafin nan nasa na intanet da yake kira Zaure. Ya ƙudurta goge shi baki ɗaya, kuma abu ɗaya ne ya rage zai hana shi, abin kuwa yana hannunki. Jiya na ƙirga, darasi ɗari huɗu da ashirin da bakwai ne a ciki, da Faransanci da Hausa, aikin shekara goma sha takwas. Akwai yadda ake sa wa tsohuwar kwamfuta Linux ta farfaɗo, da yadda ake ɗaure kan wayar da ke haɗa na'ura da na'ura, da yadda mutum zai kulle intanet ɗin gidansa, ga kuma dogon jerin wuraren da mai sha'awa zai je ya ƙaro karatu kyauta. Har yanzu ɗaliban jami'ar nan ta Zogona suna zuwa ranar Asabar da matattun injinansu a bayan moto, su cinye mana tuwo su tafi.

Abin da muka ɓoye miki saboda ciki da jego shi ne, Yaya Maliki ya fara mantuwa. Ba irin ta ina na ajiye tabarau ba. Ya taɓa yin la'asar sau biyu, ya kuma je ya yi wa maƙwabcinmu ta'aziyyar da ya riga ya yi, har da hawaye sabo. Hannunsa kuma rawa yake, don haka shekara biyu ke nan shi ke faɗa ni ke bugawa. A satin da kika haihu ya ce in buɗe darasin kwafe diskin da ya fara mutuwa, wai ya hango kuskure. Umarnin layi ɗaya ne, a ciki akwai sunan diskin da za a kwasa da sunan wanda za a zuba wa. Ya ce in musanya su. Ni ban san kan waɗannan abubuwa ba, amma idon mai buga takarda ya san abin da ya daɗe a wurinsa. Na ce masa ai shekara da shekaru haka layin yake, babu wanda ya kawo kuka. Ya dube ni ta saman tabarau, ya tambaye ni yaushe na fara koya masa aikinsa. Adawiyya, shekarata sittin da ɗaya, ina da jikoki, amma sai na ji na koma yarinyar da yake rakawa makarantar lakkwal. Na yi shiru na buga yadda ya ce. Wannan shirun yana damuna, kuma ban ga ranar da zai daina ba.

Bayan sati uku wani bawan Allah ya yi sallama da hantsi. Sunansa Abdulaye, mutumin Madawa ne, direban babbar mota tsakanin Lome da Yamai, kuma in ya sauka hutu ba shi da abin wasa sai tsofaffin kwamfutoci. Ya ce duk abin da ya iya a Zaure ya koya. Muka shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro, na kawo masa zomkom, ruwan geron nan namu mai sanyi, ya yi gaisuwa mai tsawo kamar ba shi da wata magana. Can ya fito da diski biyu a naɗe cikin rawani. Ya ce shekara bakwai mahaifiyarsa tana aika masa saƙon murya duk ranar da ya hau hanya, addu'a da faɗa da labarin awakinta, shi kuma yana kwashewa daga waya yana tarawa a diski ɗaya. Bara ta rasu. Da diskin ya fara ƙara, sai ya samo sabo, ya buɗe darasin, ya bi shi harafi da harafi, don a cewarsa abin da Malam Maliki ya rubuta ba a sake dubawa. Injin ya kwashi sabon da babu komai a ciki ya shimfiɗa a kan tsohon. Ya ce shi ba ƙara ya kawo ba, abin da Allah Ya rubuta ne, ya zo ne kawai a gyara layin kada wani ya faɗa. Wallahi da zagi ya yi da ya fi mana sauƙi.

Kwana uku babanki yana kan diskin nan, ba ya tashi sai salla. Ya gwada duk dabarar da ya sani, ya sa na rubuta wa abokansa na Bamako da Kwatano, kowa ya ba da amsa iri ɗaya. Ko sautin tarin tsohuwar ba a samu ba. A rana ta huɗu shi da kansa ya ce a kai shi asibiti, mutumin da muka yi shekara muna lallashi. Likita ta yi gwaje-gwajenta, ta gaya mana gaskiya cewa magani zai rage wa abin gudu ne kawai. Da muka dawo bai ci abinci ba. Ya ce tun da kansa ya iya cin amanarsa sau ɗaya, bai san sau nawa ya ci a ɓoye ba, kuma ba zai bar rami a hanyar mutanen da suka yarda da shi ba. Ya ce in goge duka. A nan ne, karo na farko a rayuwata, na ce wa Yaya a'a. Na ɗauke hannuna daga kan injin na ce sai dai ya nemi wata.

Innarki ce ta yi dabarar kiran Malam Hamadu liman. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambayi ma'anar 'yan kalmomin da ke ƙasan kowane darasi. Babanki ya bayyana masa cewa izini ne, kowa na iya ɗauka, ya gyara, ya raba wa wasu, muddin ba zai kulle ya hana na baya ba. Malam ya ce to ai wannan wakafi ne, ya riga ya bayar don Allah, ya fita daga hannunsa. Wanda ya haƙa rijiya ya ba unguwa, in ƙarfinsa ya ƙare, ba cike ta zai yi ba, mai kula zai naɗa a gaban shaidu. A ƙarshe babanki ya ce ya yarda, da sharaɗin mai kulan ya zama wanda ba ya jin nauyin gyara masa. In wannan bai karɓa ba, maganar gogewa tana nan.

Ya ce mutum ɗaya ya sani, wani mai sa hannu da Ɗan Malam, wanda ya yi shekara tara yana aiko gyara a Zaure, ba yabo ba neman afuwa, sai dai layi kaza ba daidai ba ne, ga daidai. Ya ce wannan kuskuren ma da bai kwana ba, don dai Ɗan Malam yana wankan jego ne. To, 'yar nema, asirinki ya daɗe da tonuwa. Ya ce tun gyaran farko ya gane ki, don babu mai tsara bayani haka sai wadda ya koya wa a kan cinyarsa. Ya bar ki da sunan aronki ne saboda ya ga ta nan kaɗai 'yar fari za ta iya ce wa ubanta ya yi kuskure, shi ma ta nan kaɗai zai iya yi mata godiya.

Ranar Juma'a bayan masallaci aka zauna. Shaidu biyu ne, Malam Hamadu da Abdulaye, don babanki ya ce ba wanda ya fi shi haƙƙin zama, shi kuma ya jinkirta lodinsa ya zo. Babanki ya ce ya miƙa Zaure ga Ɗan Malam. Liman ya ce shaida ba ta hawa kan sunan aro. Babanki ya ce to, ga waccan ta Dakar. Liman ya ce Dakar da faɗi take. Ke kin sani, shekara talatin da huɗu bakinsa bai taɓa kama sunanki ba saboda kunyar 'yar fari. Ya sunkuyar da kai, ya ce Adawiyya, 'yar Maliki. Ya sake maimaitawa ba tare da an ce ya sake ba. Innarki ta tashi ta shige ɗaki, ni kuwa a wurin na yi kukana, ban ɓoye ba.

Ki gaida Mannir da kyau, ki shafa min kan Razak. Innarki tana gaishe ku, haka ma Nazifa da yaranta, da Dabo mai shago. Abdulaye ma ya ce a gaishe ki, wai ya daɗe yana son sanin wane ne Ɗan Malam. Hajiya Mamunatu ce za ta kawo miki takardar nan hannu da hannu. A ciki akwai ƙaramar ambulan a liƙe, rabin kalmar sirrin Zaure ke nan. Kin san halin babanki, ya ce ba a tura mabuɗi duka ta hanya ɗaya. Ɗaya rabin ya ƙi a rubuta, ya ƙi gaya mini, ya ce da bakinsa zai faɗa miki in kin karɓa. Na san hannunki da jariri, ga aiki, ba zan ce abin mai sauƙi ba ne. Amma in za ki karɓa, ki kira shi ranar da takardar ta iso, kada ki ce sai gobe. Ki kira da hantsi, lokacin kansa ya fi zama. Kullum bayan asuba ina jin shi yana bitar kalmar a hankali tare da lazimi, kuma shekaranjiya sai da ya tsaya a tsakiya ya sake farawa.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sada mu da alheri.

Gwaggonki,
Habi