Wankan da Ban Yi wa Surukata Ba

Zuwa ga Sista Rahila,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na san wannan takarda ba za ta iso ki ba tunda kin riga mu gidan gaskiya, kuma da kina nan da kin fara da gyara min rubutu. Amma ke kika koya min riƙe alƙalami, don haka sai ki yi haƙuri da ni.

Sakkwato tana nan da zafinta. Soja sun dawo mulki, yanzu ko magani za a karɓa sai an bi layi. Gidanki na Gidan Dahala wani tela ne a ciki. 'Yarki Saratu ta zama nas, tafiyarta ma irin taki ce, kamar ana bin ta da gudu.

Kin tuna ajinmu na bayan la'asar, a gindin dogon yaro, bayan ɗakin jinyar mata na asibiti? Lokacin kuɗin mai ya shigo, ana ta gina sababbin ɗakunan jinya, aka kwaso mu, zawarawa da matan aure da ba mu taɓa zama a benci ba, aka ce mu ne masu kula da marasa lafiya. Kika shimfiɗa tabarma kika sa ɗaya daga cikinmu, Tumba, ta kwanta a matsayin majinyaciya. Nishin da ta dinga yi, har masu gadi suka leƙo. Mun yi dariya har da hawaye.

Darasinki bai da yawa. A ja labule. A aiki wanda ya kawo mara lafiya ya je ɗebo ruwa, a tambaye ta ita kaɗai. In ana yi mata wanka a duba baya, a duba wuyan hannu da idon sawu. Abin da aka gani a faɗa miki, ko ɗan wane ne ya kawo ta.

Sista, ga abin da na zo faɗa. Ranar da aka kawo uwar mijina daga Wamakko, tsufa ya ruɗa ta, ga zazzaɓi, ni ce a bakin aiki. Wan mijina ne ya kawo ta, shi yake amsa kowace tambaya. Ta yaya zan ce wa wan mijina ya fita? Ta yaya zan kwance zanen matar da ko sunanta ban taɓa faɗa ba? Na goge mata fuska da hannuwa, na tsaya nan. Da na zo gyara mata mayafi na hango wani baƙin zobe a idon sawunta. Na kawar da kai, na rufe.

Kika tambaye ni ko na duba ta. Na ce na duba, babu komai.

Ashe lokacin yankan shinkafa kowa yana fadama, sai mutanen gida su ɗaure ta da igiya a turken rumfa don kada ta nufi gulbi. Ba don ƙiyayya ba, amma igiya ta ci nama. Aka sallame ta, ciwon ya ruɓe, wata biyu ba su cika ba ta rasu. Kika zo gaisuwa da mayafinki, kika zauna cikinmu har magariba, kina riƙe da hannuna. Kin sani ne a lokacin? Shi ya sa kika daɗe kina kallona?

Yanzu ni ke koyar da ajin. Na ƙara doka ɗaya a kan naki: in wadda aka kawo surukarki ce, ko wadda kike jin kunyarta, ki kira wata ta yi wankan. Shekara da shekaru ina ba ɗalibai labarin, ina cewa wata ma'aikaciya ce. Makon jiya wata ɗaliba daga Minanata ta tsare ni da tambayar ina ma'aikaciyar take yanzu. Na ce musu ni ce. Na koma gida na faɗa wa maigidana, ya yi kwana uku bai yi min magana ba.

Kowa ya ji, ke kaɗai kika rage, kuma ke na yi wa ƙaryar. Ki yafe min.

Ki huta lafiya, Sista. Ina kewarki ƙwarai.

Ɗalibarki,
Luba