Shekarun da Aka Ƙara wa Mahaifina a Katin Asibiti

Zuwa ga Mai Girma Shugaban babban asibitin da ake tura marasa lafiyarmu na ƙasar Zuru idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin gida.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Sunana Larai Bawa, malamar firamare ce ni a Rikoto, cikin garin Zuru. Ban rubuta sunan asibitinka ba, kuma ba zan ambaci sunan ma'aikaci ko ɗaya ba, don ba so nake a raba wani da abincinsa ba. Amma sau biyu ina miƙa takarda a ofishinka, ta uku na jefa ta a akwatin ƙorafi da ke bakin ƙofa, har yau ko "mun gani" ban samu ba. Shi ya sa na fito fili.

Maganar a kan mahaifina ce, Kofur Bawa mai ritaya. Tun da ya ajiye kaki ya koma noma. Gonarsa tana kan tudu, tafiyar kusan awa guda daga gida, kuma da ƙafa yake zuwa. Daminar bara shi ya yi huɗarsa, shi ya yi nomansa, shi ya yanke dawarsa. Ba shi da hawan jini, ba shi da ciwon suga. Abin da kawai soja ta bar masa shi ne kunnen hagu da ba ya ji sosai.

Bayan Kirsimeti muka ga yana ramewa, tuwo ya fita ransa, yana cewa gefen cikinsa na dama ya yi masa nauyi. A asibitin gida aka ɗauki hoton cikin, likita ya ce akwai ƙari a hanta, yana zargin ciwon daji ne. Ya ce ƙarin guda ɗaya ne, a gefe yake, kada mu yi wasa da lokaci. Ya rubuta mana takarda zuwa wurinku. Ba mu yi wasa da lokaci ba, cikin makon muka shiga mota. Ga abin da ya biyo baya.

1. Wurin yankar kati

Na zaunar da Baba a layi, na tafi neman inda ake miƙa hoton da muka zo da shi. Kafin in dawo layi ya zo kansa. Ma'aikacin kati ya tambaye shi shekarunsa. Baba a ƙauye aka haife shi, babu takardar haihuwa, Hausa kuma ba ita ce yarensa na farko ba, da C'lela ya tashi. Ya ce bai sani daidai ba, a jira 'yarsa. Ma'aikacin bai jira ba. Ya dubi furfura, ya dubi ramar da ciwo ya sa shi, ya rubuta tamanin da takwas. Takardar sallamarsa ta soja, wadda ke cikin akwatinsa a gida, ta nuna shekarunsa saba'in da ɗaya ne. Shekara goma sha bakwai aka ɗora masa da alƙalami ɗaya, kuma ba wanda ya nuna mini, domin daga tagar kati fayil yake wucewa ciki, ba ya biyowa ta hannun mai jinya.

2. Ganin likita

Tun safe muke zaune, sai bayan la'asar aka kira mu. Likitan ya buɗe fayil, ya ɗaga hoton ya duba, ya mayar. Bai ce Baba ya kwanta ba. Bai taɓa cikinsa ba. Bai tambaye shi sana'arsa ba, balle ya ji cewa mutumin da ke gabansa wata biyu da suka wuce yana ɗaure damin dawa. Ya ce a wannan shekarun jiki ba ya ɗaukar tiyatar hanta, mu koma gida, mu ba shi abin da ransa yake so. Na ce, "Likita, ai yana da ƙarfinsa." Ya ce, "Malama, kowa haka yake faɗa a kan iyayensa." Aka kira na gaba. Ba na jin mun cika minti biyar a ɗakin.

A nan ni ma ina da laifi, kuma ba zan ɓoye ba. Da ya ce "wannan shekarun" na ɗauka saba'in ɗin yake nufi. Ban tambaya ba. An raine mu a kan ba a jayayya da likita, sai na haɗiye maganata na kama hannun Baba muka fito. Wannan shirun yana damuna har yau.

3. Masu bincike

Muna fita wasu mata biyu masu farin kwat suka tsayar da mu. Suka ce suna tattara bayanan tsofaffi masu ciwon hanta don bincike, ko Baba zai yarda. Ya yarda nan take, ya ce in zai amfani wani a gaba, a ɗiba. Suka ɗebi jininsa, suka kawo takarda shafi huɗu da Turanci, suka kama babban yatsansa suka dangwala. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana sa hannu a takardun bariki, ba wanda ya tambaye shi ko ya iya rubuta sunansa. Ba a karanta masa komai da Hausa ba, ba a ba mu kwafi ba.

Ranka ya daɗe, tun daga ranar, duk farkon wata sai wayata ta yi ƙara daga asibitinka. Ba su taɓa tsallake wata ba. Tambayar ɗaya ce: yana nan da rai? Yana cin abinci? An gode. Asibitin da ba shi da minti goma na duba mutum, yana da mai kiran waya a kan kari don ya ji ko mutumin ya mutu. Ka sa kanka a matsayina, ina tsaye gaban allo ina koya wa 'yan aji uku lissafi, in fita baranda in amsa wannan tambayar, in dawo in ɗauki alli.

Abin haushi kuma abin godiya, ta wannan kiran ne gaskiya ta fito. A kira na uku mai kiran ta ce bari ta tabbatar ba ta yi kuskuren lamba ba: "Bawa, mai shekara tamanin da takwas ko?" Na ce wane tamanin? Ta ce haka yake a fayil. Wata uku kenan muna gida muna jiran mutuwa a kan lambar da wani ya ƙirƙiro daga kallon fuska.

4. Abin da na koya a makare

Ni ba likita ba ce, ba kuma zan kawo maka sunan wani bincike don in nuna na yi karatu ba. Amma bayan wannan kiran na je wurin 'yar ƙanwar mahaifiyata, Rifkatu, wadda take aikin nas, na ce ta gaya mini gaskiya. Ta ce masu fiɗar hanta yanzu ba shekaru kaɗai suke dubawa ba. Suna duba ƙarfin mutum: yadda yake tafiya, yadda zuciyarsa da huhunsa suke, ko yana iya yi wa kansa hidima, da kuma lafiyar ragowar hantar. Ta ce hanta naman jiki ce da ke sake tohowa in an yanke wani sashe. Ta ce akwai wuraren da ake aikin ta 'yan ƙananan huji ba sai an tsaga ciki gaba ɗaya ba, akwai ma inda ake ƙona ƙaramin ƙari da allura. Ban san wanne kuke da shi ba, wanne ba ku da shi. Ko ba ku da ko ɗaya, ai sai a gaya mana inda ake yi, mu ga ko za mu iya. To, in ilimi ya kai nan, kuma a cikin asibitinka ma ana ɗibar jinin tsofaffi don a ƙara ilimin, me ya hana shi shiga ɗakin da aka ga Baba? Tsakanin ɗakin likitan da teburin masu binciken bai fi taku ashirin ba.

5. Komawarmu

Farkon damina muka koma da takardar soja a hannu. Gyara lamba biyu a kati ya ci mana kwana biyu. Wannan ya ce je ki wurin wancan, wancan ya ce sai da takardar rantsuwa daga kotu. Wato ƙara wa mutum shekara goma sha bakwai ba ya buƙatar shaida, cire su ne yake buƙatar alƙali!

A ƙarshe muka ga wata likita mace, kuma wajibi ne in yaba mata. Ta kwantar da shi ta duba cikinsa. Ta tambaye shi da Hausa, ta ɓangaren kunnen da ke ji. Ta ce ya biyo ta su hau bene. Ya hau hawa biyu, ya tsaya ya tambaye ta ko a ci gaba. Ta yi dariya, ni ma na yi, rabona da dariya har na manta. Sai ta sa aka sake ɗaukar hoto. Da sakamakon ya fito, ƙarin da yake guda ya zama uku, ɗaya ya manne da babbar jijiyar jini. Ta ce yanzu tiyata ba za ta yiwu ba. Na tambaye ta, da a zuwanmu na farko ne fa? Ta ce, "Ba zan iya yi miki rantsuwa ba, amma da mun zauna mun duba."

Ba na cewa tiyata ce za ta hana abin da Allah ya rubuta. Wataƙila da an gwada shi a ga bai dace ba. Wataƙila shi da kansa ya ce ba ya so a yanka shi. Amma da shi zai faɗa, bayan an duba shi an yi masa bayani. A mota muna dawowa bai yi mita ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Larai, ko a soja ba a sallamar mutum sai an gwada shi."

Yanzu yana gida. Gonar bana ciyawa ta cinye, ya hana a gaya masa halin da take ciki. Cikin ya fara kumbura. Maganin da ke kwantar masa da zafin a wurinku kawai ake bayarwa, don haka duk wata sai in roƙi hedimasta izini, in yi yini guda a hanya in karɓo, in sake yini in dawo. Ranar da na makara, mahaifiyata ce take zama tana kallonsa yana cije leɓe.

Saboda haka ga roƙona:

Na farko, in tsoho ya ce bai san shekarunsa ba, a rubuta "ƙiyasi ne" a kati, a kuma nuna wa mai jinyarsa abin da aka rubuta.

Na biyu, kada a sake cewa wani ya tsufa da magani sai an taɓa jikinsa, an sa shi ya miƙe ya taka. Wannan ba ya buƙatar sabuwar na'ura.

Na uku, takardar bincike a fassara ta da Hausa, a karanta wa mutum, a ba shi kwafinsa. Mai kiran waya kuma, tun da ba ta fashi, a ba ta damar haɗa mu da likita idan muna da tambaya. Baba bai janye daga binciken ba, ya ce alkawari ya ɗauka. Ku ma ku ɗauki naku, ku sanar da mu abin da kuka gano.

Na huɗu, a nemi hanyar da maganin zafi zai riƙa isowa asibitinmu na gida. Ba ni kaɗai ba ce, a layin karɓar magani na haɗu da mutanen Ribah da na Sakaba, wasunsu a kan babur suke fitowa kafin su sami mota.

Na biyar, ina son amsa a rubuce. Ba diyya nake nema ba. Layi biyu sun isa, in karanta masa tun yana ji.

Akwai dalilin da ya sa nake gaggawa. Maƙwabciyarmu Mama Saratu, gwauruwa ce mai sayar da daddawa, idanunta sun yi rawaya, asibitin gida sun ba ta takarda zuwa wurinku. Mako uku takardar tana ƙarƙashin filonta. Ta ce ta ga yadda aka yi da Kofur, gara ta mutu a ɗakinta da ta sha wahalar mota a ce mata ta tsufa. Da ƙyar ni da matan zumunta na cocinmu muka shawo kanta, na ba ta tabbacin cewa za a duba ta da kyau. Na yi mata wannan alkawarin da sunan asibitinka, alhali ba ni da ikon cika shi. Ranar Litinin mai zuwa za mu shigo da motar farko, ni zan riƙo hannunta. Don Allah, ranka ya daɗe, kada ka mayar da ni maƙaryaciya a gaban tsohuwar nan.

Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya ƙara maka lafiya da basira, ya saka wa ma'aikatanka masu tausayi da alheri. Allah ya ba ka tsawon rai, ya haɗa ka da masu duba ka da kyau ranar da ƙarfinka ya ragu.

Wassalam.

Larai Bawa,
Rikoto, Zuru.