Kabarin Mudassir Ba a Makka Yake Ba

Malama Asiya, don Allah ki taimake ni da shawara. Abu ne ya dame ni, kuma kin san unguwarmu ta Shisha a nan Makka, magana ba ta kwana a gida ɗaya, shi ya sa na zo gare ki.

Mijina, bari in kira shi Mudassir, ya rasu a sanyin da ya wuce. Direban bas ne, lokacin Hajji yana tsakanin unguwar Aziziyya da Arfa, sauran shekara yana jigilar 'yan Umara. Mutum ne mai sanyin hali, aibinsa ɗaya, in ma aibi ne, shi ne keke. Da sanyi ya shigo, shi da abokinsa Taha sai su loda kekuna a mota su nufi garin Jizan da ke bakin teku, su hau jirgin ruwa zuwa tsibiran Farasan. Kuma ba otal suke sauka ba. Tanti ne ɗaure a bayan keke, da jarkar ruwa, da ɗan risho, da dabino, duk inda yamma ta riske su nan za su kafa su kwana. Na sha yi masa tsiya, ina cewa mutum da ɗakinsa da katifarsa ya je ya kwanta a yashi kamar wanda aka kora daga gari. Sai ya yi dariya ya ce shekara guda yana cikin hon da turereniya, can kuwa babu komai sai ƙarar ruwa da barewa da ke leƙowa ta gudu. Ya dawo ya yi baƙi ƙirin, ƙafafu duk cizon sauro, ya cika ni da labarin kifin da suka gasa. Ya ce wata rana zai kai ni, na ce sai dai in zai ɗauro mini banɗaki a bayan keken. Yau ga shi ina neman wanda zai kai ni.

A tafiyar ƙarshe sun sauka a wani gefen tsibiri da babu gida, babu sabis na waya. Taha ya ce sun yi sallar asuba, Mudassir ya ɗora shayi, sai ya ce ƙirjinsa ya riƙe, ya jingina da shi. Kafin a samo masunta su kai shi asibiti, rai ya yi halinsa.

Yayansa Dauda ne ya tafi. Ya ce takardun ɗauko gawa sun ƙi ƙarewa, ga iska ta hana jirgi tashi, shi kuma zuciyarsa ta kasa ɗaukar ƙaninsa ya ci gaba da kwana a firji. Limamin garin da asibitin yake, shi da masunta, suka yi masa sutura, aka binne shi a can. Wallahi ban taɓa ganin laifin Dauda a kan wannan ba.

Matsalar ita ce surukata, Inna, wadda muke zaune tare. Tana yarinya ta zo ƙasar nan da iyayenta, a ƙafa, ta Cadi da Sudan. Mahaifinta ya rasu a hanya, aka binne shi a gindin wata bishiya, har yau ba ta san ko a wace ƙasa ba ce. Tun da ta shiga Makka ba ta sake fita ba, ko Jidda ba ta yarda ta je, don kada ajali ya same ta a waje. Kullum maganarta ita ce, jininta ba zai sake kwanciya a hanya ba. Duk sanda Mudassir ya fara ɗaure kaya, za ta ce Allah ya kiyaye, amma fuskarta a bango.

To sai Dauda ya dawo ya ce mata an kawo gawa, za a yi salla a Harami bayan la'asar, a kai shi maƙabartar Sharayi. Gwiwoyinta ba sa kai ta Harami, don haka ta zauna gaban talabijin. Da aka yi shelar sallar mamata ta sa na ɗaga ta tsaye, ta tsaya har aka sallame. Ni ce nake riƙe da ita, kuma na san gaskiya. Kin dai san yadda ake yi a nan, mu mata ba ma bin gawa, kaburbura ba su da suna, wa zai ƙaryata? Mazan da suka sani duk Dauda ya roƙe su sun yi shiru.

Tun da na fita takaba, duk Juma'a sai na ɗauki tasi na kai ta bakin katangar Sharayi. Ta dafa katanga ta yi masa sallama, ta ba shi labarin gida, har da na gwiwarta. Ni kuwa ina tsaye ina kallon takalmina. Abin da ya fi ƙona mini rai, ta ce ta yafe wa keken, tun da duk yawonsa dai ya dawo gida.

Malama, ni fa ba ni da wurin kuka. Taha ya kawo keken da tantin, har yanzu da yashi a cikinsa, na ɓoye tantin a ƙarƙashin gado. Ya nuna mini hoton kabarin a waya, an kewaye shi da fararen duwatsun teku. Ina son in je in tsaya a wurin ko sau ɗaya, amma me zan ce wa Inna ya kai ni Jizan? Na yi wa Dauda magana, ya ce in na faɗa mata wani abu ya same ta, alhakinta a wuyana. Ba mugu ba ne, shi ma duk ya rame, ya daina zama ya ci abinci a gabanta.

Satin da ya wuce jikinta ya motsa. Ta kama hannuna ta ce in yi mata alkawari, in ta cika, zan tsaya wa Dauda ya roƙi masu maƙabarta a sa ta kusa da Mudassir. Na ce in sha Allah. Tun ranar na kasa haɗa ido da ita, ina ba ta magani ina kallon ƙasa. Ina son tsohuwar nan kamar uwar da ta haife ni. In faɗa mata in karya mata zuciya, ko in yi shiru ta tafi a haka?

Taki,
Wata 'yarki a Shisha

'Yata,

Allah ya jiƙan Mudassir, ya ba ki haƙuri. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ba zan ɓoye miki ba, na yi hawaye.

Ki fara da sassauta wa Dauda a zuciyarki, kamar yadda na ga kina ƙoƙari. Mutum ne da ya binne ƙaninsa da hannunsa, ya dawo ya tarar da uwa tana jira, ya faɗi abin da ya ga zai tsayar da ita da ƙafafunta. Tsoronsa ma ba na banza ba ne, tsohuwa mai ciwo ba a jefa mata labari irin wannan kai tsaye. Sai dai abin da ya yi don rana ɗaya ya zama kayan da kike ɗauka duk mako, kuma ba a tambaye ki ba kafin a ɗora miki.

Ra'ayina shi ne a gaya mata. Dalilina na farko, maganar da maza da yawa suka sani ba za ta daɗe a rufe ba. Wata rana mai zuwa dubiya za ta yi suɓutar baki, Inna ta ji daga bare, ta gane kowa ya sani sai ita. Wannan ya fi gaskiyar ciwo. Na biyu, kuna raina ƙarfinta. Matar da ta bar kabarin mahaifinta a hanya tana yarinya ta ci gaba da tafiya har ta iso, ba ƙaramar zuciya gare ta ba.

Amma kada ki faɗa ke kaɗai, kuma kada ki zagaye Dauda. Shi ya ƙulla, shi zai kwance. Ki zauna da shi ki gaya masa alkawarin da ta sa kika yi, don ina zaton bai sani ba. Ku fara tuntuɓar likitanta, ku jira jikinta ya lafa. In likita ya ce a dakata, ku dakata, amma ya zama jira ne, ba binne magana ba. Ranar da za a faɗa, a samu malamin da take girmamawa da wata ƙawarta ta tsufa, a kira Taha ma, shi da ya ga ƙarshen.

Ku lura da abin da za ku fara faɗa. Ta ji cewa ɗanta ya yi sallar asuba, ya cika a jikin amininsa, Musulmi sun wanke shi sun sallace shi, yayansa na tsaye. Ta ji cewa kabarinsa sananne ne, akwai mutanen da za su nuna shi da yatsa. Wannan ba irin na mahaifinta ba ne, kuma tana bukatar a faɗa mata haka ƙarara. Batun falalar wuri ki bar wa malam, ni ba mai fatawa ba ce, amma na san addu'ar uwa ba ta ɓatan hanya. Sallamar da ta yi a bakin katanga ma ba ta faɗi ƙasa ba, akwai bayin Allah a ciki.

Za ta yi fushi, wataƙila ta yi kwanaki ba ta yi muku magana ba, wataƙila ta janye yafiyar da ta yi wa keken. Ki jure, ki ci gaba da ba ta magani kina kallon idonta. Bayan haka ki sa Dauda ya raka ki Farasan, hakkinki ne, ki je ki yi kukanki a inda mijinki yake. Kafin ki fita, ki durƙusa gabanta ki tambaye ta saƙon da za ki kai wa ɗanta.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya ba Inna lafiya da juriyar ji, ya sada ta da Mudassir a inda nisa ba ya raba uwa da ɗa.

Malama Asiya