Nozul Na Huɗu Ya Yi Shiru

Zuwa ga ƙanwata Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan kowa lafiya, ban da motar marigayi Baba.

Tun da na sha mai a bakin hanyar Mai'adua take kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Sani bakanike ya kafa sukundireba, ya kara kunne yana sauraron nozul huɗun da ke fesa mai a injin. Uku suna ƙas-ƙas, na huɗu ya yi shiru, kamar Kawu Isa in an ambaci aikin gayya. An cire, an wanke, an mayar, bai ce uffan ba. Babu irinsa a Daura, wanda muka aika a sayo a Kano kuwa kullum yana hanya.

Ga shi ranar Alhamis za a yi wa Inna aikin ido a Katsina, ta kuma rantse ba za ta shiga wata mota ba sai ta mijinta. Na lallashe ta, ta ce ko turi ne a tura.

Ki kira ta, ke take ji. Ki gaida kowa, ki sa ni a addu'a, don mai turin ni ne.

Yayanki,
Lawal